Wata Goma Sha Biyu a Hannun Hauwa

Tun da muka dawo daga Zoza kun hana ni sakat. Wannan ta kira ni a waya, waccan ta tare ni a gidan biki ina tsaka da zana wa mutane lalle. "Balki, wai da gaske ne gidan masu taɓin hankali kika kai Mantau?" "Wai da gaske ne kin shiga ofishin hedimasta da zunguru?" Na gaji da maimaita magana ɗaya. Ga shi na rubuta, duk wadda ta sake tambayata zan ce ta koma ta karanta. Kuma tun kafin mu yi nisa, sunan ƙanwata Hauwa. Wadda ta san bakinta ya saba da wancan sunan ta fara gyara shi tun yanzu.

Ga waɗanda ba su san gidanmu na Kwanyawa ba, Hauwa ce autarmu, shekararta goma sha biyu, kuma shekara uku ta yi tana maimaita aji uku na firamare. Ba kurma ba ce, ba ta da wani ciwo. Abu dai za ka faɗa mata, kafin ta kai bakin ƙofa ya zube. Ka aike ta gishiri ta dawo da ashana. An ba ta rubutu ta sha, an ba ta zabibi kullum da safe, an yi mata bulala har malamin ya gaji. Amma wannan yarinyar, in allura ta ɓace a gidanmu ita ake tambaya. Za ta gaya maka atamfar da maƙwabciyarmu ta sa da Sallar bara, da kalar furen da ke jikinta. Ni dai ban taɓa yarda cewa kan da ya riƙe furen atamfa shekara guda fanko ba ne.

Ranar da aka ba da dogon hutu hedimasta ya aika a kira Baba. Na bi shi, ko da yake ba a gayyace ni ba. Hedimasta ya ce benci ya yi kaɗan, Hauwa ta fi kowa tsawo a ajin, yara suna yi mata dariya, gara a zaunar da ita a gida ta taya Umma aiki. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Malam. Allah bai ba ta kan karatu ba."

Na ce, "Wa ya auna kan?"

Baba ya harare ni. Hedimasta ya yi dariya ya ce, "To, 'yar sakandare. Ranar da aka dawo hutu ki kawo ta. Abu biyu zan tambaye ta, waɗanda kowane ɗan aji uku ya sani: watannin shekara a jere, da lissafin sau biyu har zuwa biyu sau sha biyu. In ta kawo, ta shiga aji huɗu. In ba ta kawo ba, a rufe maganar." Yadda ya faɗa, ya riga ya rufe ta a ransa.

Matar da ke kawo mana nono ce ta ba ni labarin Malama Asabe, wata tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya a wajen Zoza, a ƙasar Rogo, wadda take tara irin su Hauwa tana koya musu da zane. Kwana huɗu na yi ina bin Baba. Da ƙyar ya gano ya san mijinta daga kasuwar shanu, ya kira shi suka yi magana, sannan ya ce, "Mako uku. Kuma ki riƙe bakinki a gidan mutane." Na riƙe na farkon.

Mun hau acaɓa zuwa Karaye da sassafe, ni da Hauwa da jaka ɗaya da ƙullin kayan lallena, don ba na zuwa ko'ina ban da su. A tasha muka zauna jiran mota ta cika. Mutum ɗaya ya rage, aka yi ta kiran "Rogo mutum ɗaya" har rana ta take. Da mutumin ya zo kuwa, da buhun taki biyu ya zo, aka ɗora ɗaya a kan ƙafafuna. Kusa da mu wata tsohuwa ce mai cin goro, ta dubi Hauwa ta ce, "'Yammata, aji nawa kike?" Hauwa ta dube ni. Kullum haka take yi, a yi mata tambaya ta nemi amsar a fuskata. Na ce, "Aji huɗu za ta shiga." Na faɗa da ƙarfi don ni ma in ji.

Kun yi dariya da na ce mun tsallaka iyaka, wai tsakanin Karaye da Rogo wace iyaka. To akwai, igiya ce. Wasu 'yan sa-kai sun ɗaura ta a jikin bishiya sun miƙa a kan titi, kowa da gorarsa. Ɗaya ya leƙo ta taga, ya ga yarinya ta ƙanƙame jaka tana raba ido, ya ce, "Ke, daga wane gari kike?"

Hauwa ta ƙara ƙanƙame jakar.

"Wace ce wannan a wajenki?"

Hauwa ta buɗe baki ta rufe. Tsoro ya kwashe ɗan abin da ke kanta. Mutumin ya gyara tsayuwa ya ce mini, "Hajiya, sauko. Yaran mutane ake sacewa yanzu."

Na ce, "Ni ce zan saci yarinya in zauna da buhun taki a kan ƙafata awa uku? Ɓarawon ma ai yana da zuciya."

Abin ya so ya yi zafi, don na fara ɗaga murya, shi ma ya fara buga gora a ƙasa. Sai Hauwa ta ce a hankali, "Gidanmu mai ƙofa shuɗiya ne. Akwai tsamiya a gabansa, an ɗaure mata jan tsumma. Yayata ce, tana da tabo a guiwa, turmi ne ya faɗo mata." Tsohuwar nan ta tofar da goro ta taga ta ce, "Kai, ɗan nan, dubi goshinsu mana! Wannan goshin ai gida ɗaya aka raba shi." Motar ta kwashe da dariya, aka sauke igiya. Ni ban yi dariya ba, don duk motar sai da ta saci kallon guiwata.

A Rogo muka ci masa da miya a tsaye, na saya wa Hauwa dafaffiyar masara, muka sake hawa acaɓa. Damina ta yi nisa, hanya duk taɓo. Da muka iso wani rafi mai acaɓar ya kashe mashin ya ce, "Nan kam sai da ƙafa, ni zan tura." Na ɗora jaka a ka, na kama hannun Hauwa, muka shiga. Ruwa iya cinya. A tsakiya laka ta riƙe takalmina na dama ta ƙi saki. Haka na shiga gidan mutane, baƙuwa daga Karaye, mai takardar sakandare, da takalmi ƙafa ɗaya.

Gidan Fulani ne, suna Hausa suna Fillanci, wani lokaci a cikin magana ɗaya. Abin da ya fara gwada haƙurina gaisuwa ce. Mu ma muna gaisuwa, amma tamu tana da ƙarshe. A can sai a durƙusa, kowa ya kawar da kai gefe kamar an yi faɗa, a tambayi gida, a tambayi shanu, a tambayi ruwa, a tambayi gajiya, a yi shiru har ka fara miƙewa, sai a ɗauko daga farko. Zanina yana ɗiga, ƙafata ɗaya tana cikin laka, ina ta "lafiya lau". Abinci kuma sai a ajiye maka a ɗaki a ja labule a tafi, ba mai ci a gabanka, ba mai kallonka kana ci. A gidanmu kwano ɗaya muke sa hannu muna faɗa a kan nama. Kwana biyun farko na ɗauka fushi ake da mu. Amma gaskiya ɗaya: furarsu da kindirmo, da tuwon dawa da miyar kuka da aka kwarara wa man shanu, ban ci irinsu a Karaye ba, kuma kada wadda ta kai wa Umma wannan maganar. Ɗakin da aka ba mu na surukar Malama ne da ta rasu, jeren ƙore har rufi, da ɗan maraƙi ɗaure a bayan taga wanda ya ɗauki kansa ladan.

Malama Asabe gajeriya ce, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. 'Yarta ta fari irin Hauwa ce, a kanta ta koyi abin da take yi, yanzu 'yar tana ɗakin mijinta tana ɗinki. Yara biyar ne suke zuwa mata da hantsi, su zauna a rumfa. Na zaci ranar farko za a fara karatu. Ina! Zaunar da Hauwa ta yi ta ce, "Ba ni labarin gidanku. In na shiga ƙofa, me zan fara gani?" Hauwa da ba ta haɗa magana uku a makaranta ta yi ta zuba, randa, murhu, igiyar shanya, inda kaza take ƙwai, har inda Baba yake ɓoye rediyonsa. Malama ta juyo ta ce mini, "'Yata, kan yarinyar nan cike yake. Ƙofar kunne ce ta cije, ta ido a buɗe take. Shekara uku ana buga ƙofar da ba ta buɗuwa."

Na ce, "To a shiga ta idon mana, Malama. Kwana ashirin gare mu."

Ta ce, "Ke kullum a tsaye kike kamar mai jiran mota?"

Ga yadda take yi. Ta kama hannun hagun Hauwa ta buɗe. Yatsu huɗu, kowanne gaɓa uku, sha biyu ke nan, daidai da watanni. Babban yatsa shi ne mai nuni, kamar yadda muke tasbihi. Kowace gaɓa za a yi mata ɗan zane, kuma ba Malama ce take zaɓa ba, yarinyar ce. "Lokacin sanyi me kike gani a gidanku?" Hauwa ta ce wuta, ana jin ɗumi. Janairu ya zama harshen wuta. Fabrairu tumatir, Maris mangwaro, Afrilu mafici, Mayu fartanya, Yuni ɗigon ruwa, haka har Satumba goyon masara, Oktoba gyaɗa, Nuwamba dami, Disamba rake. Babu mai rai ko ɗaya a ciki, don wani maƙwabcinsu ya taɓa zuwa da wa'azin zane, Malama ta ce ya nuna mata ran da ke jikin fartanya. Hauwa za ta taɓa gaɓa, ta kalli zanen, ta faɗi sunan watan da ƙarfi.

Lissafin sau biyu kuma a ƙasa aka yi shi. Malama ta sa ta tona ramuka sha biyu a jere kamar na shuka, kowane rami gyaɗa biyu. Hauwa ta iya shuka tun tana ƙarama. Ta bi layin tana jefawa tana ƙirga, biyu, huɗu, shida, tana rufewa da diddige. Daga baya a hana ta gyaɗar, ta bi layin da ido. Daga baya a juya mata baya.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne tawada. Da tawadar allo Malama take sa a yi zanen hannun, da alƙalamin kara. Hauwa ta ɓata rabin awa tana zanawa, harshe a waje, sai a kira azahar. Alwala ɗaya, komai ya tafi. Ta zauna ta sake. La'asar, ya tafi. Ranar farko kuka ta yi, ta ce ita ba za ta wanke hannun ba. Kuma in ta zo sakewa Malama ba ta nuna mata, sai dai ta ce, "Bayan mangwaro fa?" ta ci gaba da tsinke zogalenta. Wani lokaci Hauwa ta sa rake a gurbin gyaɗa, a bar ta ta gama sannan a ce ta duba.

Na ce, "Malama, wannan ɓata lokaci ne. A yi da biro mana."

Ta ce, "Bar shi ya wanke."

Bayan kwana uku na sake magana. Ta sake cewa, "Bar shi ya wanke." Ba ta ƙara ko kalma ba, ni kuma ban tambayi dalili ba, don na riga na yanke cewa tsufa ne.

Ranar kwana na goma sha huɗu Malama ta tafi Rogo gaisuwar rasuwa. Na dubi Hauwa tana shirin zana abu ɗaya karo na wajen sittin, na dubi ƙullin kayana. Sana'ata ce fa. Na kwaɓa jan lalle mai kyau, na zuba a leda mai tsini, na zaunar da ita. Wallahi ban taɓa zane mai kyan wannan ba, ko na amare. Harshen wuta kamar zai ƙone ka, goyon masara har da gemunsa. Ya kama jawur. Hauwa ta yi alwalar azahar ta duba, yana nan. Ta yi tsalle ta rungume ni. Matan gidan suka zo suna kallo suna salati. Na zauna ina jiran a dawo a yaba mini.

Malama ta dawo bayan la'asar. Ta kama hannun ta daɗe tana kallo ta saman tabarau. Ta dunƙule hannun Hauwa a cikin nata ta ce, "Faɗa mini watanni."

"Janairu. Fabrairu. Maris." Ta tsaya. Ta fara ƙoƙarin buɗe hannun.

"Jiya har Agusta kika kai ba ki duba ba."

"Ai yana nan a hannuna, Malama. Bari in gani."

Sai a lokacin Malama ta juyo kaina. "Bilkisu, kin san me ya sa nake barin ruwa ya wanke? Duk wankewa ɗaya, sai ta shiga cikin kanta ta nemo shi ta fito da shi. Sau biyar a rana tana zuwa ɗaukowa, har hanyar ta zama turba. Ba a hannu nake so ya zauna ba. Yanzu kin ajiye mata shi a waje, me zai kai ta ciki? Kuma kin yi tunanin abin da hedimastanku zai ce in ya ga amsa a rubuce a hannun yarinya?"

Ban yi wannan tunanin ba. Ko kaɗan. Na ce, "Ai da kin yi mini bayani."

Ta ce, "Ai da kin tambaya. Umarni kika yi ta ba ni."

Na sa lemon tsami, na sa toka, na sa sabulun wanki, na dirje hannun yarinyar nan har ta ce zafi. Ni na san lallena, ba ya fita ƙasa da mako uku. Kwana shida ya rage mu tafi, kwana takwas a koma makaranta. Na shiga bayan ɗaki wajen maraƙin nan na yi kukan da ban yi a gaban kowa ba. Da na fito na je na durƙusa na ba Malama haƙuri. Wadda ta ce Balki ba ta ba da haƙuri, ga shi a rubuce, sau ɗaya ne, kuma ya cancanta.

Washegari Malama ta shiga ɗakin da muke kwana, ta sa aka ɗauko mata wani dogon abu daga saman jeren ƙore. Zunguru ne, irin dogon ƙwaryar nan da kakanninmu suke zura hannu a ciki in sun ƙunsa lalle, kafin mu mu koma leda. Na surukarta ne, ya yi baƙi don tsufa. Aka kakkaɓe yanar gizo da gidan zanzaro. Ta zura hannun Hauwa har guiwar hannu ta ce, "Lalle ne ya kawo matsalar, kayan lalle za su gyara. Yatsanki yana iya tafiya a ciki. Idonki kuma ya nemi wani wurin dubawa."

Ranar farko tashin hankali ne. Hauwa ta yi ta fizge hannu, ta ce duhu ne a ciki, ba ta gani. Malama ta ce, "Rufe ido. Taɓa gaɓar farko. Me yake wurin?" Ta daɗe, sannan ta ce, "Wuta." Haka aka bi, gaɓa gaɓa. In ta gama a ba ta tawada ta zana su a kan allo ba tare da ta ga hannun ba, a wanke, ta sake. Yaran rumfar suka riƙa roƙon su ma a sa musu zunguru. Ranar da za mu taho ta kai Disamba sau biyu, ta kasa sau uku. Lissafin sau biyu kuma tana kaiwa sha takwas, wani lokaci ashirin. Malama ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce, "Abin da ta samu nata ne, ko ya karɓe ta ko bai karɓe ta ba." Ta sa zungurun a jakata da kanta, ta haɗa mini da silifas ɗinta, don har ranar da takalmin aro nake yawo.

A hanyar dawowa mai acaɓar ya so ya bi ta rafin nan. Hauwa ta taɓa bayansa ta ce akwai wata hanya ta wajen kuka mai rami, ta ga masu nono suna bi. Ya ce, "Ke 'yar garin nan ce?" Muka bi, ƙafarmu ba ta taɓa ruwa ba.

Ranar Litinin muka shiga ofis, ni da Baba da Hauwa. Hedimasta ya gaisa da Baba, ya ce, "To, an dawo daga jami'ar Zoza?" Hauwa ta durƙusa za ta gaishe shi, idonsa ya sauka a hannunta. Ya ce ta matso. Ya juya hannun, ya bi gaɓoɓin da kan biro, yana ƙirgawa. Mutumin ba wawa ba ne.

"Sha biyu. Malam Sani, ka ga abin da 'yarka ta yi? Satar amsa ce wannan, an dai yi mata ado. Mako uku aka tafi koyon wannan?"

Baba ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ce, "Bilkisu, tashi mu tafi. Kin ishe ni haka."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, minti biyar. Malam, gaskiyarka, zanen watanni ne, kuma ni na yi shi, wautata ce. In an rufe hannun fa?"

"Ta sa a baya, ta leƙa."

Na buɗe jaka na fito da zunguru na ɗora a kan teburinsa, a kan rajista. Ya ja kujera baya kamar na ajiye maciji. Ya ce, "Mene ne wannan kuma?"

"Ka leƙa ciki, Malam, ka tabbatar ba a rubuta komai ba."

Ya kuwa leƙa. Hedimasta guda, ido ɗaya a bakin zunguru. Hauwa ta miƙa hannu da kanta, na zura mata. Ta dube ni kamar yadda ta saba, tana neman amsa a fuskata. Na juya mata ƙeya na kalli bango. Wannan ne abu mafi wuya da na yi a duk tafiyar.

Sai na ji ɗan ƙaras-ƙaras, farcenta yana taɓa cikin ƙwaryar.

"Janairu."

Ta bi su a hankali, kamar mai tsallaka rafi. A Yuli ta tsaya har na ji Baba ya yi gyaran murya. Ta ce a ƙasa-ƙasa, "Ganyen masara," sannan da ƙarfi, "Yuli." Da ta ce Disamba na juyo. Idonta a rufe yake.

Hedimasta ya ce, "Daga Disamba ki koma baya." Wannan ba ya cikin sharaɗi, na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗaga mini hannu. Hauwa ta ce, "Disamba, Nuwamba, Oktoba," har Janairu, ta ma fi sauri, don yatsa ne kawai ya juya. Ni kaina da takardar sakandare sai na yi tunani kafin in yi wannan.

Sai sau biyu. Ta miƙe tsaye, zunguru a hannu, diddigenta yana ɗan motsi a kan siminti. Biyu, huɗu, shida. Ta wuce sha takwas. Ta ce ashirin. Ta tsaya. Muka jira. Ta buɗe ido ta ce, "Malam, ramuka biyun ƙarshe ban gan su ba."

Hedimasta ya ajiye biro. "Har biyu sau sha biyu na ce. Saura biyu."

Ina da magana a bakina, mai zafi, na tanade ta tun daga Zoza. Ban samu na faɗe ta ba. Baba ne ya yi magana, Baban da bai taɓa musu da mai riƙe da biro ba.

"Malam, shekara uku tana wurinku ba ta kawo ɗaya ba. Mako uku ta kawo ashirin da biyu cikin ashirin da huɗu, har da na baya-baya da ba a yi da shi ba. Ni na ce ba ta da kan karatu, a nan ofishin na faɗa. Na janye. In babu benci, ni zan sa kafinta ya yi mata."

Hedimasta ya dubi Baba, ya dubi zunguru, ya jawo rajistarsa daga ƙarƙashi. Ya ce, "Aji huɗu. Zango ɗaya, na gwaji. Kuma a ɗauke mini wannan abin daga tebur."

Ba zan yi muku ƙarya ba, Hauwa ba ta zama wata daban ba. Shekaranjiya an aike ta kanwa ta dawo da barkono. Yanzu dai kafin ta fita takan zana abin a bayan hannu da gawayi, ta kalla, ta goge, sannan ta tafi, kuma sau da yawa tana dawowa da shi daidai. Ramuka biyun nan ta gan su a mako na biyu, a bayan gidanmu, Baba ne ya tona mata. Zangon gwajin bai ƙare ba, kuma ban san me hedimasta zai ce a ƙarshensa ba. In ya ce a'a, ya san ina da jaka, ya san abin da ke cikinta.

Lallen ya fita tas tun tuni. Hannunta fari sol, babu wuta, babu mangwaro. Wadda take shakka ta zo gidan mai ƙofa shuɗiya ta tambaye ta wata na tara, ta kalli babban yatsanta. Amma in kin zo, ki kira ta da sunanta.